Kofin da Mayen Ƙarfe Ya Ƙi Kamawa

Matso kusa, 'yar'uwa, jawo kujerar nan ki zauna in ba ki labarin wani kofi. In kuma namiji ne ke karantawa, to tsaya daga zaure, za ka jiyo ni, don muryata ba ta san ɓuya ba. Ni ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni gidan nan na Azare, in kin cire biki da suna da gaisuwar mutuwa, ƙafata ba ta cika tsallake ƙofar gida ba. Karatuna allo ne, sai 'yar firamare da ban ƙarasa ba. Amma Allah bai hana ni kunne ba. Ina ɗaki nakan gane wanda ya shigo daga jan takalminsa, nakan kuma ji tukunya ta kusa kamawa tun ƙauri bai tashi ba.

A shekarun da nake ba ki labari ruwan famfo bai iso layinmu ba, kowane gida da rijiyarsa. Tamu tana tsakar gida, gindin darbejiya, kakan maigidana ne ya haƙa ta. Kin san ƙasarmu ta Katagum rairayi ce, ruwa yana nisa. In kin leƙa sai ki hango shi can ƙasa yana ƙyalli kamar idon mage. Kuma ba abin da rijiya ba ta ci. Guga, wuƙa, makulli, murfin langa, duk ta haɗiye.

Abin da muke ciro su da shi mayen ƙarfe ne, wanda wasu ke ce wa maganaɗisu. Wani mai gyaran rediyo a bakin layinmu ya ɓalle shi daga tsohuwar lasifikar da ta mutu. Baƙi ne wuluk, zagayayye, da rami a tsakiya, ga nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Ya ɗaura masa doguwar igiya ya bar wa unguwa. Ba a haya, ba a hanawa. Gidan da abu ya faɗa musu rijiya sai su aika a karɓo. Ka'idar dai ita ce a wanke shi tas kafin a mayar, a haɗa da ɗan ƙosai ko goro na mai shi. Maye muke kiransa kawai. Sai ki ji mace ta ɗaga murya ta kan katanga: “Maye yana gidanku ne?” A ce mata: “A'a, jiya ya kwana gidan Liman.” Baƙon da bai sani ba sai ya zaro ido.

Mun yarda da Maye yarda ba kaɗan ba. Ya taɓa hana aure mutuwa a bayan layinmu, da ya fito da makullin shagon da miji ya rantse matarsa ce ta ɓoye. Tun daga nan magana ta zauna a bakin mata: Maye ba ya ƙarya, duk ƙarfen da ke ƙasan rijiya sai ya fito da shi. Ba wanda ya taɓa tambaya ko akwai ƙarfen da ba ya amsa masa.

Gidanmu babba ne. Akwai Hajiya, uwar mijina. Akwai ni da Malam, babban ɗanta namiji. Akwai Goggo, yayar Malam, da ta dawo gida daga Zadawa bayan rasuwar mijinta, mace mai kirki da kyauta, sai dai harshenta yakan riga tunaninta fita. Sai Auta, ƙanen Malam, da matarsa, wadda har yau Amarya muke ce mata ko da ta aurar da 'ya.

Amarya Bafulatanar Gamawa ce, doguwa siririya, ga kunya kamar ta nutse. Ba ta haɗa ido da Hajiya, ba ta cin abinci in Hajiya tana tsakar gida. Gaisuwa daga bakin ƙofa take yi a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa, sai mai irin kunnena ke jin ƙarshenta. A madafi kaɗai take sakewa, in muna mu biyu. Nan ne na san tana da dariya, na san kuma ta iya kwaikwayon tafiyar Goggo.

Kofin kuwa na marigayi Alhaji ne, mijin Hajiya, daga Makka ya zo da shi. Na silba ne, irin farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Ba shi da hannu, yana da nauyi, an zana ayoyi a cikinsa sun zagaye. Da shi Hajiya ke shan ruwa tun da Alhaji ya rasu. In mace ta kusa haihuwa a unguwa sai a zo da rubutu a zuba a ciki, Hajiya ta yi addu'a, a juye a kwanon masu shi su tafi. Amma kofin kansa ba ya tsallake zaure. Ko Malam bai isa ya fita da shi ba.

Wata bazara, zafin nan da ko kaji sai sun buɗe baki, yayar Amarya ta zo daga Gamawa ranar kasuwa. Cikinta ya tsufa, kuma baiwar Allah ta sha haihuwa ba rai. Ta gaida Hajiya, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta roƙi a ara mata kofin ta tafi da shi har ta sauka. Hajiya ta ce: “Ɗiyata, ki yi haƙuri. Wannan ba ya fita.” Ta zuba mata ruwa a ciki ta sha, ta yi mata addu'a mai tsawo. Bayan la'asar Amarya ta raka ta zaure ta tafi.

Rana ba ta faɗi ba sai ga Amarya a ɗakina tana kuka.

“Yaya, na shiga uku. Kofin Hajiya ya faɗa rijiya.”

Ta ce ta ɗauraye shi ne kamar kullum, ta ajiye a bakin rijiya don ta cika shi da sabon ruwa, tana jawo guga jiƙaƙƙiyar igiya ta shure shi. Ba wanda ya gani. Hajiya tana kan sallaya, Goggo tana maƙwabta, ni ina ba da nono. Kunnen nawa ma da nake taƙama da shi bai yi mini rana ba, don injin markaɗen bayan gidanmu yana ta ruri a lokacin.

Na ce: “To mene ne na kuka? Maye yana nan.”

Da safe aka karɓo shi. Goggo ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta karɓi igiya, don ita ce gwanar zura Maye a gidanmu. Hajiya ta sa aka kawo mata kujera gindin darbejiya. Amarya ta raɓe a jikin katanga. Zurawar farko Maye ya fito da gashin ƙusoshi kamar bushiya, da wani tsohon kwaɗo mai tsatsa. Ta biyu ya zo da murfin langa. Can sai ga wuƙar yankan kuɓewar Goggo da ta ɓace tun damina.

“Ke kuma nan kika ɓuya, munafuka?” in ji Goggo. Muka yi dariya, har Hajiya ta murmusa.

Aka yi ta zurawa. Marafan kwalba, allura, guntun waya. Dariya ta fara raguwa. Da hannun Goggo ya gaji na karɓa. Ruwa ya ja baya sosai a lokacin, bai fi gwiwa ba. Na saki igiya har Maye ya taɓa ƙasa, na riƙa ɗaga shi kaɗan ina saki, ina zagaya bakin rijiyar. A wani gefe, ta wajen darbejiya, sai na ji wani abu. In Maye ya kama ƙarfe, ƙaf yake yi, igiya ta ƙara nauyi. Wannan kuwa wata 'yar ƙara ce siririya ta hawo, ƙing, daga nan shiru, igiya sakayau.

“Goggo, na ji wani abu.”

“Me kika ji?”

“Kamar ya taɓa kofin.”

“Ya taɓa ya bari? Matata, kunnen nan naki wata rana sai ya jiyo mana kiran sallar Makka. Jawo mu gani.”

Na jawo. Ƙusa ɗaya ce tal.

Goggo ta kwance ɗankwalinta ta goge fuska. Ta dubi tarin tarkacen da ke ƙasa, ta dubi rijiya, sannan ta faɗi maganar da na san ta yi nadamarta daga baya.

“Ikon Allah. Maye ya tono wuƙar bara a cikin laka, amma ya kasa ganin kofi mai nauyi da ya faɗa jiya. Sai dai fa in rijiyar nan tana da hanya ta ƙarƙashin ƙasa da ta ɓulle Gamawa.”

Amarya ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Ta yaya za ta ce? A gaban surukarta take, kuma a gidansu an koya mata cewa mai mutunci ba ta mayar da magana. Mu kuwa shirun nata sai ya yi mana kama da shirun mara gaskiya. Hajiya ta miƙe da ƙyar ta ce: “Ya isa. A wanke wa mutane kayansu a mayar. Kada in ƙara jin maganar kofi a gidan nan.”

Ba a ƙara maganar kofi ba, amma kofi ya cika gidan. Hajiya ta koma shan ruwa da moɗa. In Amarya ta durƙusa gaisuwa, “uhm” kawai take samu. Ranar girkinta kwanon Hajiya yakan dawo an ɗan taɓa gefe ɗaya. Magana kuma ta tsallake katanga. Wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta ga Amarya, sai ta ce da ni da ƙarfi: “A dai riƙa kula da kaya, zamani ya canza.” Auta ya rasa inda zai sa kansa, ga uwa ga mata, sai ya koma daɗewa a shagonsa na kasuwa.

Amarya ta rame, wuyanta ya ƙara tsawo. Wata rana muna tsince shinkafa ta ce mini: “Yaya, zan roƙi a bar ni in je ganin gida.” Na dubi idonta na san irin ganin gidan da ba a dawowa ne. Na ce ta dakata mini. Me zan yi, ban sani ba. Ni dai ƙarar nan tana nan a kunnena, amma wa zai sayi ƙara?

Ana haka sai makullin babur ɗin Malam ya suɓuce daga aljihunsa yana alwala a bakin rijiya. Aka sake karɓo Maye, zurawa ɗaya ya fito da shi. Goggo ta ce: “Kun gani ko? Abin da ke ciki shi yake fitowa.” Wanki ya faɗo kaina. Na ɗauko babban kwanon silba na kayan aurena, na zuba ruwa, na saka Maye don in goge masa laka. Yana taɓa gindin kwanon sai na ji ƙing.

Na ɗaga Maye. Ya taso abinsa, kwano yana zaune a ƙasa ko motsi bai yi ba. Na zubar da ruwan, na manna shi a ciki, na manna a waje. Kamar na manna shi a jikin ƙwarya.

Ranar tuwon dare ya makara. Na fito da kayan ɗakina kaf na baje a tabarma ina bi ɗaya-ɗaya. Langa ya kama ta, har sai da na sa ƙafa na ɓamɓare. Tukunyar dalma bai kula ta ba. Awarwarona na tagulla, ko kallo. Zoben azurfana haka. Wuƙar silba ya cafke ta caraf. Cokula kuwa su suka rikita ni: dukkansu farare, dukkansu silba, wani ya kama, wani ya zame ya faɗi. Akwai wani faranti ma da tsakiyarsa ba ta kamawa, amma bakinsa inda aka lanƙwasa sai ki ji yana ɗan ja kaɗan.

Na ƙwala wa Goggo kira. Ta zo ta tsaya ta riƙe ƙugu.

“Gwanjo kika buɗe?”

Na nuna mata kwanon. Ta karɓi Maye ta gwada da kanta, ta juya shi ta sake gwadawa. Sai ta ɗauki wuƙar da cokali ɗaya, suka manne.

“To ga silbar gaske nan ta kama. Kwanon naki ne jabu, matata. An cuci iyayenki, goran ruwa ne, alminiyam ɗin nan mara nauyi, aka goge aka sayar musu. Kofin Makka kuma ai ba a haɗa shi da kayan tallan kan titi.”

“Kwanon nan ya girmi ɗana na fari, ko ɗigon tsatsa babu.”

“Goran ruwa ma ai ba ya tsatsa.”

Nan ta ɗaure ni. Muna cikin wannan sai ga sallamar Mama mai kwanuka. Ibo ce, ta daɗe a Azare har 'ya'yanta sun fi ni iya zagin Hausa. Tana da rumfar kayan kicin a kasuwa, kuma takan zagayo gidaje da kaya a kai saboda irinmu da ba ma fita. Tana ganin Maye a hannun Goggo ta dire kayanta ta ɗora hannu a ka.

“Wayyo! Baƙin abin nan har gida ya biyo ni? Ya hana ni sakat a kasuwa. Wata ta zo da ƙaraminsa a jaka, ta manna a faranti, ya kama, ta ce gwangwani ne na shafa wa fari. Wata ta zo ta manna, bai kama ba, ta ce wannan ba ƙarfe ba ne. To ni in bi wace? Ku mata ku zauna ku tsayar da magana ɗaya mana!”

Goggo ta ce: “To ke faɗa mana, wanne ne na gaske?”

“Duka. Hajiya Goggo, miyar kuka da miyar kuɓewa wace ce miyar gaske? Silba haɗi ne. Ƙarfe ne ake narkawa a zuba masa wasu abubuwa don kada ya yi tsatsa. Wani haɗin wannan abin yana kama shi, kamar na wuƙa. Wani haɗin ba ya kamawa, kuma sau da yawa su ne kwanuka da kofuna masu nauyi, masu daɗewa.” Ta ɗauki kwanona ta ƙwanƙwasa da farce, ya yi amo. “Ji nan. Goran ruwa yana wannan kukan? Ɗaga ki ji nauyi.”

Na ce: “Mama, kin san kofin Alhaji. Shi fa?”

Labarin ya riga ya kai mata, kamar yadda ya kai wa kowa. Ta dubi ɗakin Amarya ta rage murya.

“Ban taɓa gwada shi ba, ba zan rantse ba. Amma in a rumfata yake, a layin waɗanda ba sa kamawa zan ajiye shi.”

Duk abin nan Hajiya tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi, kamar ba ta ji. Da Mama ta tafi Hajiya ta shige ɗaki, na wanke hannu na bi ta na durƙusa.

“Hajiya, a kira mai yasar rijiya ya shiga.”

“Na ce a bar maganar.”

“Kin ji abin da Mama ta ce.”

“Na ji. Ta ce ba za ta rantse ba.” Ta ajiye carbin a cinya. “Ke yarinya ce har yanzu. Kina tsammani kofin nake jin ciwo? Ina jin ciwonsa, ba zan ɓoye miki ba. Amma in ta ba 'yar'uwarta ne, tausayi ya sa ta, ni ma na san zafin binne jariri. Muddin ba a shiga rijiyar nan ba, zato ne, zato kuma yana tsufa ya mutu. In aka shiga a gaban maza aka fito babu, yarinyar nan ta gama zama a garin nan. Rufa mata asiri nake yi.”

Ashe shirun da ke cinye Amarya, a wajen Hajiya sutura ce. Kuma tsohuwar ba ta yi ƙarya ba a kan haɗarin. Ƙasan rijiyarmu laka ce da rairayi mai zurfi, abu mai nauyi yakan nutse ya ɓace, ko mai yasa ba kullum yake samu ba. Gaskiya tana iya kasancewa a ciki a kuma fito babu ita.

Ban san Amarya tana bayan labule da ruwan alwalar Hajiya ba. Sai ganinta na yi ta shigo har tsakar ɗaki, inda ba ta taɓa takawa ba. Ta ajiye buta, ta durƙusa, ta ɗago kai ta dubi Hajiya ido cikin ido. Muryarta ta fito sarai.

“Hajiya, a shiga.”

Hajiya ta ce: “In ba a samu ba fa?”

“Sai in tafi da sanin an duba.”

Hajiya ta amince, Malam ya aika wajen Giade aka zo da wani dattijo da ya saba yasar rijiyoyin unguwarmu. Da hantsi ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, Malam da Auta da maƙwabta suka zura shi da igiya mai kauri. Mu mata muka koma bakin madafi. Aka fara jawo bokitin laka ana juyewa a gindin katanga, Goggo tana tonawa da itace.

'Yar'uwa, ranar muka ga abin da Maye ya yi shekaru yana tsallakewa. Ludayin dalma. Murfin buta. Cokula farare har da wanda na yi ta zargin 'ya'yana da kai shi waje. Can sai Goggo ta tono wani abu ta tsaya. Awarwaronta ne na tagulla, wanda ta daɗe tana cewa a wajen wani biki a Zadawa aka zare mata shi, har ta daina gaisawa da matar da take zato.

Na ce: “Goggo, ashe rijiyar tana da hanya ta ƙasa zuwa Zadawa ma.”

Ba ta rama ba. Karo na farko ke nan da na ga bakin Goggo ya mutu.

Amma kofi shiru. Laka ta taru ta yi tudu, rana ta take. Dattijo ya ɗago murya daga ƙasa ya ce ya kusa cim ma tsandauri, kuma gefe yana zubo masa da rairayi, ba zai daɗe ba. Auta ya dubi matarsa ya kawar da kai. Amarya tana tsaye ta harɗe hannu a ƙirji, leɓenta yana motsi. Na manta da maza a wajen, na matsa bakin rijiya na ce: “Baba, ta gefen darbejiya, jikin bango.” Ya ce ya ji. Aka ɗan jima, ya ce a ja.

Bokitin yana hawa yana lilo, ya bugi bangon rijiya. A cikin ƙarar bokitin na ji wata 'yar siririya ta biyo baya. Ban jira an juye ba na saki guɗa. Malam ya ce: “Ke lafiyarki?” Aka juye. Amarya ta zube a gwiwa ta cusa hannu biyu cikin laka, ta zaro shi, baƙi ƙirin da taɓo. Ta goge da bakin zanenta, farin ya fito, ayoyin suka fito. Sai a lokacin ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana dannewa.

Goggo ta tafi da sauri ta ɗauko Maye, don ba mu riga mun mayar ba. Ta manna shi a jikin kofin a gaban kowa. Ya zame. Ta sake, ya zame. Ta ɗaga shi daidai fuskarta ta ce: “Allah wadaranka, baƙin munafuki. Ka sa na ci naman yarinya ɗanye.” Ta juya wajen Amarya, idonta ya cika. “Ƙanwata, bakin nan nawa ne, ba na Maye ba. Ki yafe mini.” Amarya ta gyaɗa kai.

Hajiya ba ta ce a yafe mata ba. Manya irinta ba su saba da wannan kalmar ba. Ta karɓi kofin ta wanke da hannunta, ta cika shi da ruwan randa. Muna jira ta sha, sai ta miƙa wa Amarya. Ta kira ta da Fulatancin da rabon da mu ji shi a bakinta tun rasuwar mahaifiyarta: “Ɓingel am,” wato ɗiyata, “sha.” Amarya da ko ƙwayar gyaɗa ba ta taunawa a gabanta ta karɓa ta shanye.

Sannan Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da sabon ɗankwali, ta naɗe kofin ta ƙulle. Ta kira Auta.

“Gobe ka kai matarka Gamawa ganin gida. Ta tafi da wannan, ta kai wa yayarta. In ta sauka lafiya, wadda ta kai shi ita za ta dawo mini da shi.”

Goggo ta ce: “Hajiya, kofin Alhaji zai tsallake zaure?”

“Ya yi zaman rijiya ya dawo. Gamawa ce za ta gagare shi?”

Yayar Amarya ta haihu, namiji, da ransa. Ban ce kofi ba ne, Allah ne ya yi. Bayan suna Amarya ta dawo da kofin a ƙulle cikin ɗankwalin nan, da man shanu a ƙwarya na Hajiya. Tana nan har yau, ɗakinta yana kallon nawa. Hajiya ta riga mu gidan gaskiya, kuma kafin ta rasu da bakinta ta ce kofin na Amarya ne. Yanzu yana fita. Duk mai naƙudar da ta aiko, Amarya takan naɗe shi ta bayar.

Rijiyar an rufe ta da murfin siminti tun da aka ja mana ruwa. Maye kuma da mai rediyo zai tashi daga layinmu ni ya bar wa, yana nan ƙarƙashin gadona, in allura ta faɗi da shi nake nema. Ban riƙe shi a zuci ba, abin da ya iya shi ya yi, mu ne muka ɗora masa alƙalanci. Abin da nakan juya a raina in ina tsince shinkafa ni kaɗai shi ne maganar Hajiya, don har yau ban iya cewa ta yi kuskure ba. Da dattijon nan ya fito zurawa ɗaya kafin wancan bokitin, da yanzu wani labarin nake ba ki.

To ke, da ke ce a kujerar Hajiya ranar nan, yarinya ta durƙusa a gabanki, kin san laka tana iya haɗiye gaskiya, za ki bari a shiga rijiyar, ko za ki ci gaba da rufa mata asirin da ba ta da shi?